Ƙaramin Kare, Babban Kashe Kuɗi: Abin da Mai Saye Ba Ya Lissafawa

A ƙasar Hausa an san kare da farauta da gadin gida ko garke. A Turai da Amurka kuwa, yawancin karnuka 'yan ɗaki ne, kuma ƙananan nau'o'i ne suke tashe, saboda gidajen birni ba su da fili. A shekarar 2022, ɗan gajeren karen nan da ake kira French Bulldog ya zama na ɗaya a rajistar ƙungiyar American Kennel Club, ya ture Labrador wanda ya shekara 31 yana kan gaba. Masu saye suna ganin tunda ƙarami ne, ɗawainiyarsa ma ƙarama ce. Ta wajen abinci haka ne, amma abinci ba shi ne ke cinye aljihu ba.

Ƙungiyar PDSA mai kula da lafiyar dabbobi a Birtaniya ta taɓa kiyasta cewa riƙon ƙaramin kare daga kwikwiyo har mutuwarsa yakan ci wajen fam dubu biyar zuwa dubu goma. Wannan kuɗin abinci ne, da allurar rigakafi, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, da inshora. Babu kuɗin jinya mai tsanani a ciki, kuma a nan ne nau'o'in suka sha bamban, domin kowane da irin ciwon da ƙirar jikinsa ta gadar masa.

Mafi wahala su ne masu shafaffen hanci, wato Pug da French Bulldog da Shih Tzu. Masu kiwo sun daɗe suna zaɓen waɗanda fuskarsu ta fi gajarta suna haɗa su barbara, har ƙashin fuskar ya tsuke, alhali naman da ke ciki bai ragu ba. Sai ƙofofin hanci suka matse, ganɗa ta yi tsawo tana toshe maƙogwaro. Munsharin da masu su ke yi wa dariya, kokawa ce da numfashi. Da yawansu sai an yi musu tiyata an buɗe hancin an rage ganɗar. Haihuwa ma ba ta zo musu da sauƙi ba: kan ɗan babba ne, ƙugun uwar kuma siriri. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar French Bulldog ta hanyar tiyata ce, abin da ke ƙara wa 'yan kwikwiyon tsada tun ranar saye.

Dachshund, mai dogon baya da gajerun ƙafafu, nasa ciwon a ƙashin baya yake. A kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu, faifan da ke tsakanin gaɓoɓin bayansa kan goce ya danne laka, wani lokaci ƙafafun baya su shanye. Hoton asibiti da tiyatar kaɗai sukan ci dubban fam. Shi kuwa Cavalier King Charles Spaniel zuciya ce matsalarsa: kusan rabinsu kan fara nuna alamar lalacewar murfin zuciya wajen shekara biyar, daga nan sai magani kullum har ƙarshen rai. Ga kuma ƙoƙon kai da ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, yana jawo ciwo a laka.

Chihuahua da Yorkshire Terrier da Pomeranian matsalolinsu ba su kai waɗancan tsanani ba, amma ba sa ƙarewa. Haƙora 42 ne cunkushe a ɗan ƙaramin baki, don haka dasashi kan ruɓe, kuma wanke haƙoran kare sai an yi masa allurar barci. Ƙoƙon gwiwarsu kan goce, bututun iskarsu kan lotsa. Masu dogon gashi kuma sai an riƙa kai su wurin aski a kai a kai.

A 2022 masu bincike na kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan suka duba bayanan karnuka sama da 30,000 da suka mutu tsakanin 2016 da 2020. Jack Russell Terrier ne ya fi tsawon rai, da kusan shekara 12.7, sai Yorkshire Terrier da 12.5. Pug bai kai takwas ba, French Bulldog kuwa huɗu da rabi. Masu binciken sun ja kunne cewa yawan 'yan kwikwiyon French Bulldog da aka saya a waɗancan shekarun ya ja adadin ƙasa, duk da haka masu shafaffen hanci ne suka cika ƙasan jerin. Ma'ana, mai Jack Russell zai daɗe yana sayen abinci, mai Pug kuma zai fi zarya asibiti cikin 'yan shekaru.

Hukumomi sun fara sa baki. Tun 2019 ƙasar Holan take hana kiwon karen da tsawon hancinsa bai kai sulusin kansa ba. A 2023 Kotun Ƙolin Norway ta tabbatar da cewa kiwon Cavalier ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi.

Yanzu da irin waɗannan karnuka suka fara shigowa gidajen Abuja da Legas, akwai ƙarin abin dubawa. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma wanda hancinsa ya toshe ba ya iya hakin yadda ya kamata. Zafin watan Afrilu a ɗakin da aka ɗauke wuta yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya kuɗi, nemi ganin uwar kwikwiyon, ka saurari numfashinta, ka karɓi takardar rigakafi, musamman ta ciwon haukan kare, sannan ka tambayi likitan dabbobi ciwon da aka san nau'in da shi da abin da jinyarsa ke ci.