Kafin ku shiga kwari: Yadda za ku isa bukka ku dawo gida lafiya

Da zarar an ba da hutu, ɗalibai a Gwarzo da Kabo kan fara shirin yawon buɗe ido. Wasu su nufi madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wasu su yi marmarin tsaunukan Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, wasu kuma su bi kwarin da ke bayan ƙauyensu har zuwa bukkar gona ko rugar Fulani. Yawancinmu hawan dutse muke tsoro, alhali kwarin da ke ƙasa yana da nasa haɗarin da ido ba ya saurin gani.

Ruwan da ba ku ga saukarsa ba

Kwari hanyar ruwa ce, ko da kun tarar da shi a bushe. A tsakiyar damina, musamman a watan Agusta, ruwa kan sauka a wani tudu mai nisa, sararin sama garau a inda kuke, sai kawai ku ga ambaliya ta gangaro. Idan ruwan rafi ya koma ja, ko ya fara kawo ganye da karare, ko kuka ji rugugi daga saman kwarin, ku haura gefe nan take. Kada ku yi tsere da ruwa ta cikin kwari. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum.

Haka tsawa. Sauti kan yi tafiyar kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. In kun ƙirga ƙasa da 30 tsakanin walƙiya da tsawa, hadari ya kusa. Ku sauka daga kan dutse, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Lissafi kafin tafiya

A 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake amfani da ita: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Bukkar da ke nisan kilomita 10 da hawan mita 300 za ta ci awa biyu da rabi, ban da hutu da sallah. Ku yi lissafin da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Ku kuma yanke lokacin juyawa tun daga gida. Idan ya cika ba ku isa ba, ku juyo.

Kowa ya riƙe aƙalla lita 2 ta ruwa, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da tocila, da takalmi mai rufi maimakon silifas.

Maciji da kunama

Kububuwa kan laɓe a tsakanin duwatsu da busasshiyar ciyawa, don haka kada ku zura hannu inda ba ku gani. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana shi motsa wurin, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. A bukka ma, ku haska rufin ciyawa kafin ku kwanta, ku kakkaɓe takalmi da safe.

Kada ku tafi ku kaɗai

Ko masu hawa Chappal Waddi a jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, da jagora suke tafiya. Mu ma haka ya kamata: malami ɗaya da ɗan gari da ya san hanya. Ku nemi izinin iyaye, ku je wajen mai unguwa ko dagaci ku ji halin tsaro, domin ba kowane daji ake shiga yanzu ba. Ku bar wa wani a gida sunayenku da hanyar da za ku bi da lokacin dawowa, tunda waya kan rasa sabis a cikin kwari.

Idan dagaci ya ce a dakata, a dakata. Dutsen yana nan, kwarin ma yana nan, hutu mai zuwa za ku same su inda kuka bar su.