ZAMBA A GWANJON WAYA, DA YADDA A KE BIN SAWUN KUƊI

An rubuta wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Rano da Kibiya, don su san abin da za su gaya wa talaka in ya zo ƙofarsu da kukan an cuce shi a cinikin waya. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwa ita ran da suka taru.

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kowa ya san yadda a kan tara kaya a fili, wannan ya taya, wancan ya ƙara, har a sallama wa wanda ya fi tayi. Amma a irin wannan gwanjo mai saye yana ganin kaya da idonsa, ya kuma san fuskar mai su ko ta dillalinsa. Yanzu kuwa gwanjo ya shiga wayar hannu. Mutum yana zaune a Rurum ko a Tarai, sai ya ga hoton babur, ko injin ban-ruwa, ko buhunan taki a Facebook ko WhatsApp, da araha, an ce wanda ya riga biya shi ke da kaya. Ya aika da kuɗi, ya zauna jiran direba. Kwana biyu shiru. Ya kira lambar, ya ji ta a rufe.

A farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sake takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, mutanen karkara da yawa waɗanda dā ba su yarda da kome ba sai tsaba suka koyi aika kuɗi ta waya ko ta hannun mai POS. Hanya ce mai sauƙi, ba a kuwa ce a bar ta ba. Sai dai mazambata ma sun iya ta, sun kuwa riga manomi iyawa.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada wanda aka cuta ya zaci ƙauyanci ne ya ja masa. A Amurka akwai wani ciniki da zai ba mai karatu mamaki, watau cinikin 'yan katuna masu hoton 'yan wasa, irin waɗanda dā a kan sa cikin kwalin taba ko ƙunshin cingam. Yau tsofaffinsu sun zama dukiya, ana gwanjonsu ta intanet. A watan Agusta na 1952 ba wanda zai kula da katin wani ɗan wasa mai suna Mickey Mantle, amma a watan Agusta na 2022 an sayar da guda ɗaya na waccan shekara a kan dala miliyan 12.6. Inda kuɗi ya taru haka, ɓarawo ba ya nisa. A 2013 wani babban mai gwanjon irin waɗannan katuna, Bill Mastro, ya amsa laifi a gaban kotun tarayya a Chicago. Ya yarda cewa a gidan gwanjonsa a kan sa tayin ƙarya don kuɗin kaya ya hau, ya kuma yarda ya taɓa datse gefen wani tsohon kati na Honus Wagner don a ga kamar bai tsufa ba. A 2015 aka ɗaure shi wata 20. Wannan tayin ƙarya shi ne malamanmu ke kira najashi, haninsa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. A kasuwa kuwa aikin 'yan kore ke nan.

Abin da ya sa aka kawo wannan labari shi ne wani bambanci da ya kamata a gane. A can, mai saye ya kan biya ta hannun kamfanin kasuwar, irin su eBay, wanda ke da ƙa'idar mayar wa mutum kuɗinsa in kaya ba su iso ba, ko kuwa ya biya da katin banki, bankin kuma yana da hanyar janyo kuɗin. Mutuminmu na Kibiya kuwa kai tsaye ya ke tura kuɗi cikin asusun wanda bai taɓa gani ba. Babu dillali a tsakani, babu mai tsaya masa.

Gwanjon da aka fi fakewa da shi a Nijeriya shi ne na Hukumar Kwastan. Gaskiya ne hukumar ta buɗe gwanjon kayan da ta kama ta intanet a watan Yuli na 2017, ta kuma sabunta shi a Janairun 2024, amma a shafinta na kanta a ke yinsa. Mazambata su kan ɗauki hoton ma'aikaci da kakinsa, su ce akwai motoci ko shinkafa. Hukumar ta sha yin shela cewa ba ta ciniki a Facebook ko WhatsApp. Duk inda aka ce a zuba kuɗin Gwamnati cikin asusu mai sunan wani mutum, to, a tsaya nan.

Ranar farko

Kuɗin da aka aika ta waya yana barin sawu. Kowane asusun banki yana da lamba mai alƙaluma 10 da sunan mai shi. Tun 2014 aka soma ba masu ajiya lambar shaida ta BVN, wadda a ke ɗaukar zanen yatsun mutum kafin a ba shi. A Disamban 2020 Gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a Disamban 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ce ko ƙananan asusun nan na waya sai an haɗa su da BVN ko NIN. Saboda haka ba iska a ke bi ba. Amma fa mazambaci ya san wannan duka, don haka ba ya barin kuɗi su kwana. Ya kan rarraba su cikin waɗansu asusu, ya bi masu POS yana karɓar tsaba kaɗan kaɗan. Abin da a ke iya ceto shi ne abin da aka tarar bai fita ba tukuna.

A 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su ajiye ma'aikata masu karɓar ƙarar zamba dare da rana. To, abu na fari shi ne wanda aka cuta ya kira bankinsa nan take, ta lambar da ke bayan katinsa, ko ya tafi reshe mafi kusa. Ya faɗi a fili cewa zamba ce, ya ba da lambar asusun da kuɗin suka shiga, da sunan bankin, da adadi, da lokaci. Bankinsa shi zai yi wa wancan banki magana a riƙe abin da ya saura. Ya roƙa a ba shi lambar ƙararsa, ya adana ta. In abin ya faru ran Juma'a da la'asar, kada ya ce sai Litinin.

A nan ne, a ganina, mu kan yi kuskure da kyakkyawar niyya. Talaka ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ya ce gobe in fada ta cika sai a je gaban hakimi. Ladabi ne, haka kuma aka gada, kuma a rikicin gona ko na aure shi ne daidai. Amma a wannan sha'ani kwana biyun nan su ne kuɗin. Ya kamata hakimai su ba dagatai izni tun yanzu cewa duk wanda ya zo da irin wannan kuka a tura shi banki tukuna, gaisuwa da bayani su biyo baya.

Aikin malamin hakimi

Yawancin masu kawo ƙara a rikice su ke zuwa, labari kuma a warwatse. Malami ya zaunar da mutum, ya rubuta abin da ya faru bi da bi: ran da ya ga tallar, inda ya gan ta, sunan da mai tallar ya kira kansa da shi, lambobin wayar da suka yi magana, abin da aka yi alkawari, da abin da aka biya. A kan takardar shaidar aika kuɗi akwai wata doguwar lamba da banki ke gane kowace aikawa da ita; a kwafe ta a hankali, a sake karantawa, gama alƙalami ɗaya in ya kuskure aikin ya ɓaci. A hana mutum share saƙonni da muryoyin da aka aiko masa. Da yawa haushi ya kan sa su share kome, alhali kuwa shaidarsu ke nan. A ɗauki hotonsu, a buga a takarda.

In ta hannun mai POS aka aika, to, daga asusunsa kuɗin suka fita, shi ne kuwa bankinsa ko kamfaninsa zai saurara. Sai a nemo shi a tafi tare. 'Yar takardar nan da injinsa ke fitarwa rubutunta ya kan dushe, balle in ta sha zafi a aljihu, don haka a ɗauki hotonta tun tana karantuwa.

Akwai kuma maganar kunya. Wata ta ɗauki kuɗin adashi ta sayi kayan ɗakin 'yarta ta waya ba da sanin maigida ba. Wani dattijo ne, yana gudun a ce yara sun yi masa wayo. Irin waɗannan su kan yi shiru har mako ya wuce. Malami ya saurare su a keɓe, kada ya mai da abin hirar zaure. Ya kuma sani banki ba ya tattauna asirin asusu sai da mai shi, don haka tilas ita mai asusun ta yi magana da kanta, ko da wani ne zai raka ta.

Bayan an riƙe kuɗi

Riƙewa dabam, mayarwa dabam. Banki yana iya tsai da kuɗi na ɗan lokaci, amma ba ya ɗebe su daga asusun wani ya ba wani sai mai asusun ya yarda ko kotu ta ba da umarni. Saboda haka, da an gama da banki sai a kai rahoto ofishin 'yan sanda na Rano ko na Kibiya, da takardar da malami ya rubuta, don a nemi umarnin kotu kafin a saki asusun.

Dokoki suna nan. Lambar nan 419 da kowa ke faɗa ta dokar laifuffuka ta Kudu ce; a Arewa sashe na 320 na dokar Final Kot, wadda ta soma aiki a 1960, shi ya bayyana laifin cuta. Akwai dokar tarayya ta 2006 a kan karɓar dukiya da ƙarya, wadda ta yanke ɗauri daga shekara 7 zuwa 20, ta kuma ce kotu ta sa mai laifi ya mayar da abin da ya ci. Akwai ta laifuffukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024. Hukumar EFCC tana da ofishi a Kano, tana karɓar ƙara a rubuce, ba a kuwa biyan ko kwabo don shigar da ita.

In bankin mutum ne ya yi sakaci da ƙararsa, mako biyu suka wuce ba a ce masa kome ba, sai ya rubuta wa sashen kare masu hulɗa da banki na Babban Banki, ya sa lambar ƙarar nan da aka ce ya adana. A lura, wannan sashe tsakanin mutum da bankinsa ya ke shiga, ba shi ke kama ɓarawo ba.

In kuwa mai sayarwa sananne ne, yana da rumfa a Kantin Kwari ko a kasuwar waya ta Farm Centre, ya karɓi kuɗi ya aiko da abin da ba shi aka gani ba, wannan wata magana ce. Nan wasiƙar hakimi zuwa ga shugabannin kasuwa tana da nauyi ƙwarai, in ba a daidaita ba kuma ga kotu, ga hukumar kare hakkin masu saye ta Jihar Kano.

Kada malami ya yi wa kowa alkawarin kuɗinsa za su dawo duka. Wani a samo rabi, wani a tarar asusu wayam. Ya faɗa masa haka tun farko, domin mai zafin hasara shi ne abincin mazambaci na biyu. Wannan ya kan kira ya ce daga banki ne ko daga hukuma, an gano kuɗin, sai a aiko da ɗan abin buɗe fayil, ko a karanto masa lambar sirri da ta shigo waya. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri.

Saura abu guda da ya shafi hakimai kai tsaye. Sau da yawa sunan da ke kan asusun da kuɗi suka shiga ba na mazambacin ba ne. Na wani saurayi ne da aka ba 'yan kuɗi ya ba da aron asusunsa, ko aka karɓi lambobinsa da sunan za a sa shi cikin masu samun tallafi. Ran da bincike ya zo, ƙofar gidan ubansa a ke tsayawa, domin sunansa da zanen yatsunsa ne a banki. Tun 2017 Babban Banki ya kafa tsarin sa lambar BVN ta wanda aka samu da zamba cikin jerin waɗanda a ke sa wa ido, kowane banki kuwa yana ganin jerin. A gaya wa iyaye wannan a masallatai da wuraren suna.

Malami ya keɓe shafi a littafinsa domin irin waɗannan ƙararraki, ya riƙa rubuta lambar asusu da lambar waya ta kowace. Tun da dokar Yulin 2024 ta sa Rano da Kibiya da Bunkure ƙarƙashin masarauta ɗaya, ba wuya malaman hakimai su gwada littattafansu in sun haɗu a fada. Lambar da ta fito sau biyu, a rubuta ta a aika wa babban jami'in 'yan sanda na yankin a ranar.