Ko Ka Sani? Dutsen Imouraren Yana da Gida a Cikin Wayarka

Ko ka san cewa duk abin da idonka ya taɓa gani, daga rairayin Tenere har cokalin da ka sha koko da shi yau da safe, an gina shi ne da sinadarai na asali waɗanda ba su kai 100 ba? In aka haɗa da waɗanda masana suka ƙera a ɗakunan bincike, jimillarsu 118. Kowanne yana da suna da lamba da gidansa a cikin wani allo da ake kira jadawalin sinadarai. Da, sai a bangon aji ake ganin allon nan. Yau ya shiga wayar salula, har ya zama abin da za ka taɓa ya amsa maka.

Wani dare a Arlit muna zaune a ƙofar gida ana dafa shayi, sai ɗan ƙanwata da ke ajin ƙarshe na sakandare ya miƙo mini wayarsa. Fuskar wayar cike take da ƙananan gidaje masu launi iri-iri, jere kamar ramukan dara. Ya ce, "Kawu, taɓa wannan na ƙasa, mai harafin U." Na ɗora yatsa, gidan ya buɗe, lambobi suka fito. Ya ce, "To, ga abin da Baba ya yi shekara ashirin yana haƙa." Na daɗe ina kallon gidan nan har shayin ya huce. Yuraniyom ne ya kafa garin, shi ya ciyar da mu, ƙurarsa muke shaƙa, amma sai a daren nan na fara ganin takardar shaidarsa.

Yadda manhajar take aiki

Irin wannan manhaja suna da yawa, mafi yawansu kyauta ne, wasu ma in ka sauke su sau ɗaya ba sa ƙara neman intanet. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce ta ƙungiyar masana sinadarai ta Ingila, Royal Society of Chemistry. Duk gidan da ka taɓa zai nuna maka lambar sinadarin, wato yawan furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsa. Zai nuna nauyinsa, da zafin da yake narkewa, da shekarar da aka gano shi, da amfanin da ake yi da shi.

Arzikin jihar Agadas kusan duk yana ciki. Gishirin da ayari ke ɗaukowa daga Bilma auren gida na 11 ne da na 17, sodiyom da kulorin. Kwal ɗin da kamfanin Sonichar ke ƙonawa kusa da Tchirozérine don bai wa Arlit da Agadas lantarki, gida na 6 ne. Jan ƙarfen da ya sa Takadda ta yi suna har Ibn Battuta ya ziyarce ta a 1353 yana gida na 29. Kuzar Elmeki tana na 50, zinariyar Jado da Tchibarakaten kuma na 79.

Akwai wani maɓalli da ake ja da yatsa don ƙara zafi ko rage shi, gidajen su riƙa sauya launi. A zafin ɗaki, maki 25, sinadarai biyu ne kawai suke ruwa-ruwa, zaiba da buromin. Yaron ya ja shi zuwa maki 40, irin zafin da muke sha a watan Mayu, sai ga galiyom da siziyom da rubidiyom sun narke. Ashe akwai ƙarfen da in ka ajiye shi a inuwar bazara a Arlit zai kwarara kamar man shanu.

Mutumin da ya bar gidaje babu kowa

Wanda ya tsara allon wani malamin jami'a ne ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, a shekarar 1869. A lokacin sinadarai 63 aka sani. Ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya lura halayensu suna maimaita kansu kamar yadda ranakun kasuwa ke zagayowa. Saboda haka ya sa masu hali ɗaya a layi ɗaya. Inda bai sami wanda ya dace ba, sai ya bar gidan a buɗe, ya ce mai shi yana nan tafe, har ya faɗi nauyinsa da halinsa tun ba a gan shi ba. A 1875 aka gano galiyom a Faransa, a 1879 aka gano sikandiyom, a 1886 jamaniyom, kuma kowanne ya zo kusan yadda ya siffanta shi.

Yuraniyom ma ya ci moriyar wannan basira. Masanan wancan zamani sun ɗauka nauyin ƙwayarsa 120 ne. Mendeleev ya nemi inda zai sa shi da wannan nauyi ya rasa, sai ya ce awon ne ba daidai ba, a ninka shi ya koma 240. Yau manhaja tana nuna 238.

Gida na 92

Wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Martin Klaproth, shi ya gano yuraniyom a 1789, ya raɗa masa sunan duniyar Uranus wadda aka hango shekara takwas kafin nan. Fiye da ƙarni guda ba a san masa wani babban amfani ba in ban da rina gilashi da tangaran. Sai a 1896 Henri Becquerel a Faransa ya ajiye gishirin yuraniyom a kan farantin ɗaukar hoto da aka naɗe da baƙar takarda, ya tarar farantin ya yi tabo alhali haske bai taɓa shi ba. Nan aka gane dutsen yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya shinshina, fata ba ta ji. A 1938 kuma, a Berlin, aka gano ana iya tsaga ƙwayarsa gida biyu, ta saki ƙarfi mai ban tsoro.

Dubi nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta baƙin ƙarfe ta kusa kilo 8, ta darma ta ɗara kilo 11, ta yuraniyom kuwa kilo 19. Da za a cika jarkar nan mai lita 25 da muke ɗiban ruwa da shi, za ta haura kilo 470. Babu raƙumin da zai tashi da ita.

In ka ƙara shiga cikin gidan, manhajar za ta nuna maka yuraniyom kashi-kashi ne. A cikin kowace ƙwaya 1000, kimanin 993 masu nauyi 238 ne, 7 kawai ke da nauyi 235. Waɗannan bakwai ɗin su ne ke tsagewa cikin sauƙi, su ne duniya ke rububi. Tashar lantarki tana bukatar a tace shi har 235 ɗin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, makami kuma sai ya kai wajen kashi 90. Ɗan dunƙulen man nukiliya da bai wuce kan ɗan yatsa ba yana ba da wutar da ta kai ta kusan tan guda na kwal. Wannan tacewa ba a Nijar ake yin ta ba. Abin da ke fita daga Arlit garin yuraniyom ne a cikin ganguna, wanda aka yi shekaru da dama ana bi da shi ta Tawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa.

Me ke kwance a Imouraren?

A 1957 Faransawa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, Cominak kuma a 1978 daga ramin ƙarƙashin ƙasa na Akouta, wanda aka rufe a ƙarshen Maris na 2021.

Imouraren yana kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, kilomita 160 arewa da Agadas. Tun 1966 aka gano shi, kuma an ƙiyasta yana ɗauke da yuraniyom kusan tan 200,000, abin da ya sa shi cikin manyan ma'adanai irinsa a duniya. A 2009 kamfanin Areva na Faransa ya sami izinin haƙa, Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubali a watan Mayu, da burin fitar da tan 5,000 a shekara. Sai haɗarin tashar Fukushima ta Japan ya auku a 2011, farashi ya faɗi, aikin ya tsaya bayan 'yan shekaru. A watan Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta janye izinin daga hannun kamfanin, wanda a lokacin sunansa ya riga ya koma Orano.

Ga abin da ba kowa ya sani ba: dutsen Imouraren yawa gare shi, amma tsinkakke ne. A tan guda na dutse, yuraniyom ɗin da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Da za a narkar da shi ya zama tsantsar ƙarfe, ba zai cika ƙaramin kofin shayi ba. Kafin a sami wannan ɗan abu sai an fasa dutsen, an niƙa, an jiƙa shi da ruwan asid da ake yi da farar wuta, mai gida na 16. Duk abin da ya rage, wato kusan tan ɗin gaba ɗaya, a nan ƙasarmu yake zama tsibi.

Zuriyar da ake bar mana

A nan ne allon Mendeleev ya fi yi mana rana. Yuraniyom ba ya zama yadda yake. Sannu a hankali ƙwayarsa tana zubar da wani ɓangare nata ta rikiɗe ta zama wani sinadari, shi ma ya rikiɗe, har hawa 14, kafin a tsaya a darma, gida na 82. Mai nauyi 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, kusan shekarun duniyar nan ke nan. Masana'anta yuraniyom kawai take cirewa, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan cikin tsibin, tare da mafi yawan tiririn da dutsen ke da shi tun farko.

Nemi gida na 88, radiyom, ka bi layinsa zuwa sama da yatsa. Za ka iske kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Tun da 'yan layi ɗaya halinsu ɗaya, jikin mutum ba ya bambanta su sosai: in radiyom ya shiga ta ruwa ko abinci, sai jiki ya kai shi cikin ƙashi ya adana, yana ta fitar da tiriri daga ciki. Rabinsa kuwa sai bayan shekara 1,600 yake rikiɗewa.

Radiyom shi ke haifar radon, gida na 86. Duba inda yake: layin ƙarshe na hannun dama, ƙarƙashin hiliyom da niyon da argon. Waɗannan duk iska ne, kuma da wuya su manne wa wani abu. Shi ya sa radon ke sulalewa daga cikin dutse ya taru a ramin haƙa ko a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Kwana huɗu ba su cika ba rabinsa ya rikiɗe, amma abin da yake haifa yana maƙalewa a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu bayan taba sigari. Shi kansa yuraniyom, in ya yi yawa a ruwan sha, ƙoda yake fara taɓawa.

Wanda ya fahimci layukan nan biyu ya gane dalilin da ya sa ake hura iska cikin ramin haƙa ba dare ba rana, da dalilin da ya sa bai kamata a yi yaɓe ko cikon hanya da ƙasar da ta fito daga ma'adana ba, ko a ƙera tukunya da ƙarfen da aka jefar daga masana'anta. A kan irin wannan ne Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa ta Aghirin'man suka yi shekaru suna faɗakar da mutanen Arlit, har ya sami kyautar Nuclear-Free Future a 2017.

Iyakar wayar

Manhajar tana ba ka ilimin sinadari, amma ba ta auna abin da ke gabanka. Ko ka ɗora wayar a kan dutse ko bakin rijiya, ba za ta gaya maka ko akwai tiriri a ciki ba. Wannan aikin na'urar awo ce ta musamman, irin wadda ake kira Geiger, ruwa kuma sai an kai shi ɗakin gwaji. Kada wani ya ruɗe ka da cewa wayarsa tana gano zinariya ko yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai fasa dutsen Imouraren. Ranar da za a zauna maganar, ina fatan a sami 'ya'yan Abzin a wurin waɗanda suka san bambancin 235 da 238, waɗanda za su tambayi inda za a zuba tsibin, da rijiyar da za a ɗebi ruwan, da wanda zai riƙa auna radon bayan an kwashe kaya an tafi. Irin waɗannan tambayoyi daga gida ɗaya suke farawa a fuskar waya. A daren nan, kafin a zuba shayi na uku, ɗan ƙanwata ya sauke mini manhajar a tawa wayar, ya ce, "Kawu, gobe sai mu duba gidan darma."