Ba a Sayar da Lantarki a Galan

Ƙanin matata, wanda ke harkar hatsi a nan Gombe, ya same ni a ƙofar gida a Jekadafari bayan isha'i, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata mota ce mai aiki da lantarki. Ya ce, "Yaya, wallahi kuɗin mai ya ishe ni. Me ka gani?" Ban ga laifinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Na ce masa, "To, ranar da ka tashi zuwa kasuwar Dawanau a Kano, a ina za ka yi caji?" Ya yi shiru.

Wannan shirun shi ne ciwon masu irin wannan mota ko'ina a duniya, har a Turai da Sin inda wuraren caji suka yawaita. Mu ma mun san ɗanɗanonsa. Duk wanda ya taɓa ganin batirin wayarsa ya yi ja, ga shi an ɗauke wuta, ya san yadda gaba ke faɗuwa. Ita waya a aljihu za ta mutu, ka kai wa mai shagon caji. Mota kuwa tana iya mutuwa da kai tsakanin Dukku da Darazo, magariba ta kawo jiki. Mai motar fetur ko gidan mai ya rufe, zai sami 'yan bumburutu a bakin titi da galan da mazurari. Lantarki ba mai zuba maka shi a galan.

Mu ɗauki Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020. An ce caji ɗaya na kai ta kilomita 482. Daga Gombe zuwa Kano ta Dukku da Darazo da Birnin Kudu da Wudil kusan kilomita 400 ne. A takarda, za ta isa har da saura. Amma wannan lissafi ba a zafin watan Afrilu na Gombe aka yi shi ba, da na'urar sanyaya mota a kunne tun daga Tashar Dukku, ga mutum biyar, ga buhun wake a but. Kuma abin da zai ba direbobinmu mamaki: wannan mota ta fi son cunkoson gari, domin duk birkin da ka taka yana mayar wa batir ɗan abin da ya kashe. Gudun babbar hanya ne ke shanye ta.

Sai cajin kansa. A soket ɗin gida, batirin Kona zai haura kwana guda kafin ya cika. Na'urar da ake kafawa a bango takan ɗauki kamar awa goma. Mai saurin caji na bakin hanya kan kai shi kashi 80 cikin ɗari a kusan awa ɗaya, daga nan ya rage hannu, kamar mai cika tulu idan ruwa ya kusa baki. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar fanka da talabijin kuwa, kada ma a kawo zancensa.

Duk wannan idan akwai wuta ke nan. A Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Arewa maso Gabas ta yi makonni tana fama da duhu. A Oktoban shekarar kuma kusan Arewa baki ɗaya ta kwana ta tashi babu wuta. Ga madatsar Dadin Kowa a gefenmu da megawat 40, amma mai walda a Bolari har yau da janareta yake aiki.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa rana ce, wadda muke da ita har ta yi yawa. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu lantarki, suna jigila cikin gari. A lura, cikin gari: mota ta yini tana zagaye, ta kwana a inda za ta sha wuta.

Masu kuɗin Gombe da ke rige-rigen gina gidajen mai, ina ma ɗayanku zai kafa farantan rana da na'urar caji a Darazo ko Alkaleri, inda direbobi ke tsayawa su yi salla su ci abinci. Awa ɗayar ba za ta zama asara ba.

Shi dai ƙanin matar tawa na ce masa, in zirga-zirgar Tumfure zuwa kasuwa ce, ya saya, ya haɗa da sola a gida. In ta Kano ce, ya riƙe tsohuwar Golf ɗinsa tukuna.