Batir cike, soket a mace: yadda masu gidan da ake ja da mota suke samun wuta a dajin Amurka

A jihar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan gari a cikin hamada mai suna Quartzsite. Da bazara kusan babu kowa saboda zafi, amma da sanyi ya shigo sai dubban mutane su cika filayen da ke kewaye da shi, kowa da ɗakinsa a bayan mota. Tirela suke ce wa ɗakin, sai dai ba irin tirelar da ke ɗauko albasa zuwa Kumasi ba ce. Ɗaki ne mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Wasu yawon buɗe ido ya kai su, wasu tsofaffi ne masu gudun ƙanƙarar arewa, wasu kuma kuɗin haya ne ya kore su daga gari, irin mutanen da aka nuna a fim ɗin Nomadland da ya ci kyautar Oscar a 2021. Yawancin filayen na gwamnatin tarayya ne, kuma a mafi yawan irinsu ana barin mutum ya sauka har kwana 14 kyauta. Amma fa babu falwayar wuta ko ɗaya.

Abin da ke fara ba sabon shiga mamaki shi ne, ya isa daji ya kunna ƙwai ya kama, famfon ruwa ya yi aiki, sai ya saka cajar kwamfuta a soket ya ji shiru. Batir a cike yake, soket a mace.

Dalilin shi ne wuta iri biyu ce a cikin ɗakin. Ta farko wutar batir ce mai bolt 12, irin ta mota, ita ke riƙe da fitilu da famfo da ƙananan fankoki. Ta biyu wutar gida ce mai bolt 120, wadda Amurkawa ke amfani da ita, kuma ita ce ke zuwa soket da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama abinci. Wannan ta biyun daga waje take shigowa. A sansanonin da ake biyan kuɗi akwai sandar wuta a kowane masauki, mutum ya jawo doguwar wayarsa ya jona, mai amfiya 30 ko mai 50. A cikin ɗakin akwai caja da ke karɓar wannan wutar ta mayar da ita bolt 12 ta cika batir. Hanyar ɗaya ce, daga waje zuwa batir. Idan ana so wuta ta juyo daga batir zuwa soket, dole sai an sa inbata, wannan akwatin da mu ma muka sani tun zamanin dumsor.

To daga nan ne lissafi ke shigowa, kuma a matsayina na malamin makaranta nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don lissafin bai wuce na ɗan aji shida ba. Batir mai amfiya 100 da bolt 12 yana ɗauke da wuta kusan 1,200, wato zai iya ba da wat 1,200 na awa ɗaya, ko wat 120 na awa goma. Haka yake a takarda. Batir mai ruwa, wanda aka yi da darma, ba a so a shanye fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan. Ita ma inbatar tana cin nata kason, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana tafiya a zafi.

Bari mu ƙirga kwana ɗaya na mutum marar almubazzaranci. Kwamfuta mai wat 60 na awa uku, 180. Fanka mai wat 40 na awa takwas, 320. Talabijin mai wat 50 na awa biyu, 100. Cajin wayoyi, a ce 60. Jimla 660, in ka ɗora kason inbata ya doshi 770. Ka ga batir ɗaya mai ruwa bai kai shi safiya ba, alhali bai dafa ko shayi ba.

Shayin kuwa shi ne babbar magana. Duk abin da ke yin zafi da lantarki, butar dafa ruwa ce, dutsen guga ne, na busar da gashi ne, maƙiyin batir ne. Buta mai wat 1,500 a soket ɗin gidanmu mai bolt 230 ba ta jan fiye da amfiya bakwai. Amma in daga batir mai bolt 12 za a ciro wannan ƙarfin, sai an ja amfiya kusan 140. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri kamar yatsa, kuma ake so ta zama gajeriya. Siririyar waya a wannan wurin za ta yi zafi, robarta ta narke, ɗaki kuma na katako da roba ne. Don haka ake ɗaura fiyus a kan wayar kusa da kan batir, ba can kusa da inbata ba, saboda in waya ta goge ta taɓa ƙarfe a tsakiya, fiyus ɗin da ke nesa ba zai hana komai ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wadda ke cin wat 1,300 zuwa 1,500, a kan batir ɗaya ba za ta cika awa guda ba. Masu zaman daji da suka daɗe sun sani, girki da gas suke yi, firjinsu ma da yawa mai aiki da gas ne.

Akwai wata dabara mai sauƙi da da yawansu ke yi don soket ɗin ɗakin duka su kama. Sai su ɗauki wannan doguwar wayar da ake jonawa a sansani su jona ta a inbata, kamar dai inbatar ce sandar wutar. Yana aiki, amma da tarko a ciki. Cajar nan ta cikin ɗaki ba ta san daga ina wutar ta fito ba. Da ta ji bolt 120 sai ta fara cajin batir, da wutar da aka ciro daga batir ɗin kansa. Wuta ta yi ta zagaye, kowane zagaye ana asarar wani kaso, batir yana ƙarewa ba tare da an kunna komai ba. Sai an kashe makunnin cajar tukuna, a mayar da firji kan gas, a tabbatar hitar ruwa ba ta kan lantarki. Mai hali yakan sa makunnin canji, wanda masu gyaran wuta a nan ke kira canjoba, ya ware 'yan soket kaɗan su kaɗai ne inbata za ta riƙe. A ganina wannan ita ce hanyar kirki, don ba ta dogara da tunanin mutumin da ya gaji da tuƙi ba.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne waya mai filogi a kai biyu, a saka ɗaya a inbata ɗaya a soket ɗin bango. Kan da ke hannunka tsirara yake da wuta. A gidan da ke haɗe da layin gari kuma wutar na iya komawa kan falwaya ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a kashe yake. Na ga irin wannan wayar a shagunan unguwa fiye da sau ɗaya, wallahi ba abin wasa ba ce.

Ita inbatar ma ko ba a jona mata komai ba, in dai a kunne take tana shan wuta. Babba takan ja amfiya ɗaya ko biyu a zaune. Amfiya ɗaya sau awa 24 ya zama 24, kusan rabin abin da ake iya ɗiba a batir mai ruwa. Saboda haka gogaggu suke kashe ta in ba a buƙata, su yi cajin waya kai tsaye daga wutar batir. Sannan inbata kala biyu ce. Mai araha tana ba da wuta mai gargada, fanka ta riƙa gurnani, wasu cajoji su yi zafi. Mai tsada tana ba da wuta sumul irin ta gari. Ga wanda ke kwana da na'urar taimakon numfashi, kuma akwai su da yawa cikin tsofaffin da ke wannan rayuwar, wannan zaɓin da lissafin batir ɗin magana ce ta lafiya.

A 'yan shekarun nan batir na litiyom ya canza abubuwa sosai. Mai amfiya 100 nauyinsa bai kai rabin na darma ba, ana iya shanye kusan dukkansa, kuma yana jure caji sau dubbai. Aibinsa tsada, da kuma cewa ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, matsalar da ba ta dame mu a Tamale ba. Na darma mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, shi ya sa a tirela ake ajiye shi a waje ko a akwati mai mafitar iska. Mu kuwa sau nawa ka gan shi a ƙarƙashin gado?

Cika batir a daji na rana ne. Faifan sola mai wat 100 yakan ba da 300 zuwa 500 a yini, gwargwadon rana da ƙura. Mutumin da muka yi wa lissafin 770 yana buƙatar faifai biyu, uku in yana son kwanciyar hankali. Janareta na nan, amma a wuraren shaƙatawa na gwamnati akwai lokutan da aka hana kunna shi, kuma hayaƙinsa kusa da taga yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Wani abu guda ya shafe mu kai tsaye. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da sauran biranen Amurka sukan cika durom da kaya su aiko gida, kuma inbatar da aka yi don irin waɗannan tirelolin tana da sauƙin samu a can. Kafin a jona mata komai a duba rubutun da ke jikinta. In an ga 120V da 60Hz, ta Amurka ce. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, su ba ruwansu. Amma fankarmu da firjinmu an yi su ne don bolt 230, kuma firjin da aka ba rabin wutarsa injinsa zai yi ta ƙoƙarin tashi yana zafi har ya ƙone. Wanda zai aiko, a gaya masa tun kafin ya saya ya nemi mai 230V da 50Hz, ko kuma ya turo kuɗin a saya a nan.