Sake Neman Gurbin Karatun Likita Bayan an Rasa a Karon Farko

Karatun likita yana cikin fannonin da aka fi rububinsu a jami'o'in Najeriya, alhali gurabensa ƙayyadaddu ne, domin Majalisar Kula da Aikin Likita da Likitancin Haƙori ta Najeriya, wadda aka fi sani da MDCN, ita ce ke yanke wa kowace kwalejin likita adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta. Wannan ne ya sa ɗalibi mai hazaƙa kan rasa gurbi ba don ya faɗi jarrabawa ba, sai don waɗanda suka sha gabansa sun cike adadin. Da yake sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta UTME, wadda hukumar JAMB ke shiryawa, shekara ɗaya kawai yake aiki, wanda ya rasa gurbi dole ne ya sake sayen fom ya sake zama, kuma yawancin masu yin haka sukan maimaita irin shirin da suka yi bara, suna sa ran sakamako ya bambanta.

Abin da ya kamata mai neman zama likita ya fara yi shi ne abin da likita ke yi wa majinyaci, wato gano cutar kafin a rubuta magani. Matakan da ake bi kafin a samu gurbi suna da yawa, kuma kowane ɗaya yana iya kayar da mutum shi kaɗai, saboda haka sai an tantance inda aka yi tuntuɓe kafin a san inda za a zuba ƙarfi.

Mataki na farko shi ne sakamakon kammala sakandare na WAEC ko NECO, inda ake buƙatar kiredit a darussa biyar: Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu ga mai neman karatun likita, sai wanda aka samu a zama ɗaya, wasu kuma sukan mayar da darajar kowane darasi maki su haɗa cikin jimillar da ake tantancewa da ita, ta yadda mai A1 a kemistiri zai wuce mai C6 ko da sun yi kunnen doki a UTME. Ɗalibin da rauninsa yake nan, ko da ya ƙara maki ashirin a UTME ba lallai ne ya tsira ba, abin da ya fi masa shi ne ya sake rubuta jarrabawar sakandaren a zangon masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Akwai kuma sakaci mai sauƙin gyarawa da ke cinye ɗalibai da yawa, wato rashin ɗora wannan sakamako a shafin JAMB, domin tsarin ba da gurbi ta intanet da ake kira CAPS, wanda hukumar ta fara aiki da shi a 2017, ba ya amincewa da gurbin wanda sakamakonsa na sakandare bai bayyana a ciki ba.

Jarrabawar UTME kanta tambayoyi 180 ne da ake amsawa a kwamfuta cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, sai arba'in-arba'in na fiziks da kemistiri da bayoloji, jimillar maki kuma 400 ne. Wannan lissafi yana nuna cewa kowace tambaya daƙiƙa arba'in take da ita, don haka ɗalibin da ya san yadda ake warware tambayar fiziks amma sai ya shafe minti uku a kanta bai shirya ba tukuna, komai yawan littattafan da ya karanta. Shirin karo na biyu ya kamata ya ginu a kan manhajar da JAMB ke fitarwa, da amsa tambayoyin shekarun baya a gaban kwamfuta ana duba agogo, tare da rubuta kowane kuskure da dalilinsa. Saƙon sakamako yana nuna makin kowane darasi daban, kuma sau da yawa Ingilishi ne ke janyo ɗaliban kimiyya ƙasa, saboda sun ɗauke shi darasin da ba ya buƙatar bita. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin jami'o'i kuwa bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin ƙofar shiga takara ce kawai, makin da ake samun likitanci da shi yana sama da ita nesa ba kusa ba.

Inda aka fi yin asara cikin rashin sani shi ne zaɓen jami'a. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda jihohin Arewa da yawa ke cikinsu. Ma'anar wannan ita ce maki ɗaya yana iya kai ɗalibi gaci a wata jami'a, ya bar shi a baya a wata. Tsofaffin kwalejoji irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, su ne kowa ke cikewa a fom, alhali an samu sababbi kamar Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, da kwalejojin likita na wasu jami'o'in jihohi waɗanda ke fifita 'yan jiharsu. Sai dai wajibi ne a tabbatar cewa MDCN ta amince da kwalejin kafin a zaɓe ta, a kuma sanya ta zaɓi na farko, tunda da wuya a waiwayi mai zaɓi na biyu a wannan fanni.

Akwai wata hanya ta shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ta shirin share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko na JUPEB, amma guraben da ake ware mata kaɗan ne ƙwarai, kuma sai mai sakamako na ƙoli ke samu, saboda haka ya fi dacewa a haɗa ta da sake rubuta UTME maimakon a dogara da ita kaɗai. Haka nan karɓar wani kwas, kamar ilimin sassan jiki ko kimiyyar ƙwayoyin cuta, da niyyar sauyawa zuwa likitanci daga baya, fata ne da jami'a ba ta yi wa kowa alkawarin cika shi ba. Wanda ya karɓi irin wannan kwas ya karɓe shi da shirin zama a cikinsa, ko da shirin sake zama jarrabawa.

Idan kuma gurbin ya fito, ba ya tabbata sai ɗalibi ya shiga CAPS da kansa ya amsa tayin cikin wa'adin da aka ba shi, domin a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma duk wani gurbi da aka bayar ta bayan fage ba tare da ya bi ta wannan tsari ba, hukumar JAMB ba ta san da zamansa ba.