Ɗan Hakin Da Ka Raina

A Amurka, idan lokacin ƙwallon kwando ya kama, manyan makarantu kan fara gwada ƙarfinsu da ƙanana. Ran 23 ga Disamba 1982, 'yan wasan Jami'ar Birjiniya, waɗanda ake lissafa su na ɗaya a ƙasar, suka yada zango a Hawai, suka kara da wata ƙaramar makaranta, Chaminade. Taƙamarsu Ralph Sampson, dogo mai ƙafa 7 da inci 4. Da yake 'yan Chaminade ba su da irin wannan tsawo, sai suka dogara ga sauri da haɗa kai, suka yi masa taron dangi. Aka tashi Chaminade 77, Birjiniya 72. To, malamai, sai ku ba yaranku wannan labari.